Tafiyata Jos Wurin Yaya Sule

Tun da na dawo daga Jos ban zauna a rumfar Malam Garba tela ba face an tare ni da tambaya. Wannan ya ce yaya sanyin garin, wancan ya ce da gaske ne su ma can suna kuka da tsadar rayuwa kamar mu, tsofaffi kuma su ce, ka ga Sule kuwa, yana nan da rai? Nakan ba kowa guntuwar amsa in kawar da zancen. To na gaji da ɓoye-ɓoye. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, aji biyar na yi a lekol, wato makarantar boko, na fita, amma zan rubuta yadda aka yi tun daga tashar jirgin Yawunde har ƙofar gidansa. Sai dai kafin nan dole in faɗi abin da ba wanda ya tambaye ni, domin shi ya kai ni.

Manyan unguwarmu Briqueterie, wadda muke kira Birik, sun san ni, ni ne Isiyaku mai silima. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina juya fim a silimar da ke hanyar Mokolo, wadda yanzu aka cika da buhunan shinkafa. Yaya Sule kuwa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha huɗu. Ina ɗan shekara shida ya bi jirgin ruwan ayaba ya tafi Ingila. Daga baya wasiƙunsa suka fara zuwa, ya ce ya bar aikin ruwa, yanzu a fim yake fitowa. Da na girma na shiga aikin silima, ba inda ban yi alfahari da shi ba. Na gaya wa duk samarin Birik cewa yayana shi ke dukan mutane a fim ɗin Turawa, alhali ban taɓa ganinsa a ko ɗaya ba.

Wata shekara ya rubuto ya faɗi sunan wani fim, ya ce duk ranar da ya iso Yawunde a kai Inna ta gan shi. Fim ɗin Ingila kan daɗe kafin ya zo mana, sai Faransawa sun juya maganar zuwa harshensu, ya zaga garuruwa ya tsufa. Ranar da ya iso na rufe kaina a kabin, ɗan ɗakin nan na sama inda inji yake, na kunna shi ni kaɗai. Can wajen tsakiya ga wani Bature mai ƙiba a zaune, ya ba mu baya, ya daka tsawa. Ƙofa ta buɗe, Yaya Sule ya shigo da farar riga da jar dara, ba takalmi, ɗauke da faranti da kwalbar giya a kai. Ya rusuna ya ajiye. Fuskarsa ta cika bangon. Duk abin bai kai minti guda ba, kuma bai sake fitowa ba.

Yanka fim ba baƙon abu ba ne a aikinmu. Inda ya tsage mu yanke mu liƙe. Inda sumba ta yi tsawo mu yanke. Inda tsofaffin Turawa suka zauna suna surutu har 'yan kallo suka fara fito suna dukan kujeru, nan ma mu rage. Ba mai tambayar mai kabin. Na ɗauki almakashi na cire yayana, na liƙe, na jefa abin da na cire a kwata.

Inna ba ta taɓa taka silima ba. Sai da ta tambayi malami ko ya halatta uwa ta shiga don ta ga ɗanta. Ranar Lahadi da la'asar ta zo da ƙawayenta biyu, suka zauna a layin tsakiya. Ina hangen ɗankwalinta ta tagar kabin. Duk sa'ad da baƙin mutum ya gifta sai in ga ta miƙe wuya. Da aka tashi ta ce mini, "Isiyaku, ina yake?" Na ce, "Inna, wataƙila cika baki ya yi." Washegari ta sa na rubuta masa cewa ya yi mata ƙarya, ya shigar da ita inda ba ta taɓa shiga ba, ya kunyata ta gaban ƙawayenta. Da hannuna na rubuta. Ya amso da rantsuwa, ta ce kada a karanta mata. Daga nan wasiƙa ta ɗauke. Bayan shekara huɗu Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta san gaskiya ba.

Muddin inji yana juyawa ban cika tunanin abin ba. Da wannan matsin da muke kira lakiriz ya shigo, mutane suka daina zuwa kallo, ubangidanmu mai silimar ya sayar da kujeru ya sallame mu, sai na sami kaina zaune ba aikin yi sai tunani. A cikin haka Alhaji Buba, mai fataucin shadda tsakanin nan da Najeriya, ya ce mini ya haɗu da wani tsoho a Jos wanda ya ji Hausarsa ya tambaye shi ko gidan Inna Hajara, wato innarmu, yana nan a Birik. Ya ce tsohon ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura. Na san Yaya Sule ne. Na yi mako biyu ina jujjuya maganar. Na sayar da rediyona da tsohon kekena, na ce wa matata zan je in gaya masa kafin ɗayanmu ya mutu.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ɓangaren talakawa, inda mutum ke zama da buhun wani a kan ƙafarsa. Kusa da ni wani malamin lekol ne, mutumin kudu, da taye a wuya da takalmin da ya buɗe baki. Ya ce an zaftare musu albashi, shi ne zai je Garwa ya saro albasa ya gwada sa'a a kasuwar Mokolo ta Yawunde, ko da yake shi bai san albasa ba sai a cikin miya. Da ya ji aikina ya kama hannuna, ya ce ai a silimarmu ya ƙarar da kuɗin abincinsa yana saurayi. Amma shi ba jarumin fim ke kai shi ba, ƙananan nan ne na fim ɗin Ingila: tsohuwar da kullum ita ce mai gidan haya tana leƙe ta bayan labule, siririn nan mai tabarau da kullum shi ne akawu, da likitan da ba ya fitowa sai don ya ce mara lafiya ya cika. Bai san sunan ko ɗaya ba, amma in ya gan su sai ya ji kamar ya haɗu da maƙwabta a garin da bai san kowa ba. Ya tambaye ni ko suna raye. Na ce ban sani ba. Ban gaya masa su na fi sa wa almakashi ba.

Da gari ya waye jirgin ya tsaya a wata ƙaramar tasha, ya ƙi tashi har rana ta yi sama. Ba wanda ya ce mana me ya faru, ba kuma wanda ya tambaya. Mata suka kewaye tagogi da bobolo, ƙullin rogon nan na cikin ganye, da ayaba da zuma a kwalabe. Na tuna Inna kan ce Sule yana yaro har harbin ƙudan zuma ya sha saboda kwaɗayinta. Na sayi kwalba ɗaya, na naɗe ta cikin babbar rigata ta salla don kada ta fashe.

Daga Ngaundere mota muka shiga. A gangaren nan mai lanƙwashe-lanƙwashe duk wanda ke motar ya koma salati, har malamin lekol ɗin da ba Musulmi ba na ji yana bin bakinmu. Ashe an ɗora buhun doya a kan jakata a saman mota. Da muka sauka Garwa na buɗe, zuma ta bi rigar tun daga wuya har ƙasa, ga gilasai. Na tsaya a tasha riƙe da ita, ƙudaje sun taru a kaina, malamin yana ba ni haƙuri yana dariya. Nan muka rabu. Ban sani ba ko ya iya zaɓen albasar.

Na sauka gidan ƙanin Malam Garba, shi ma tela ne. Mu mutanen Yawunde mun saba da ruwa da lumshi, Garwa kuwa rana ce tsirara, ko inuwa zafi gare ta. Fulatanci ya fi Hausa yawa a bakin mutane, gaisuwarsu kuma doguwa ce, ido a ƙasa, murya a ƙasa, ba irin tamu ta Birik da mutum ke gaishe ka yana tafe yana ciniki ba. Matar gidan ta wanke rigar sau uku, amma da an shanya sai tururuwa su hau. Maigidan ya ara mini tasa. Gajere ne, rigar ta tsaya mini a gwiwa. Da ita na shiga Najeriya.

Zuwa bakin iyaka babur na hau, irin waɗanda ke komawa da jarkokin fetur wayam bayan sun sauke wa masu sayarwa a kwalba. Ina zaune tsakanin jarkoki shida suna dukan gwiwoyina, har muka kai kogi aka fitar da mu da kwalekwale. A ɗaya gefen wani ma'aikaci a ƙarƙashin rumfar kara ya karɓi takarduna. Ya yi mini Turanci, na mayar masa da Faransanci, muka kalli juna. Sai ya ce da Hausa, "Malam, ina za ka, kuma me za ka yi?" Na ce Jos za ni, neman gafara. Ya ajiye biro. Ya ce duk wanda ya ratsa nan ta'aziyya zai ce ko biki, shekararsa tara bai taɓa jin wannan ba. Ya buga hatimi ya miƙo mini, ya ce, "In ka samo da yawa ka rago mini."

Abin da ya ba ni mamaki a Yola shi ne layin mai. Fetur ɗin da muke gani a kwalabe ko'ina a arewacin ƙasarmu daga nan yake fitowa, amma su masu shi suna kwana biyu a layi. Motar Gombe ta cika da mutane, ba mai. Kwana biyu na yi a zauren wani mai goro kusa da tasha, wanda ya ƙi karɓar komai, ya ce ladarsa in riƙa yi masa Hausar Kamaru yana dariya. In na ce gar sai ya ce tasha, in na ce jandarma ya ce wane ne kuma wannan. Burodinsu ma daban ne. Namu dogo ne mai ɓawo, ka karya ya yi ƙara. Nasu mai laushi ne kamar matashin kai, ga zaƙi, ka ci ka rasa ko ka ci.

A Bauchi na yi abin da ya kamata in faɗa. Da muka sauka aka ce Jos saura tafiyar awa biyu. Na ga motar Yola tana lodi, na je na sa jakata a ciki. Na ce wa kaina tsoho ne, ba shi da lafiya, me zan ƙara masa in ba ciwo ba. Wata mai masa da na sayi masa a wurinta ɗazu ta dube ni ta ce, "Baba, ba yanzu ka sauko daga can ba? Ko ka yi mantuwa ne?" Na ce e, mantuwa na yi. Ta ce to Allah ya sa a samu. Kunyarta ta kama ni, na je na ciro jakar.

Jos gari ne na duwatsu, an ɗora wani kan wani kamar da hannu. Sanyinsa ba irin na Yawunde ba ne mai ɗanshi, busasshe ne, yana shiga ta ƙasan gajeriyar riga. Kwatancen Alhaji Buba shi ne in je bayan tsohuwar tashar jirgi in tambayi gidan Baba Landan, sunan da ake kiransa da shi a can. Mutum na farko da na tambaya ya nuna mini.

Matarsa, Ladi, 'yar garin ce, ita ta buɗe mini. Na same shi a tsakar gida kan kujerar katako, da rigar sanyi a kan kaftani, ƙafafunsa a kan buhu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Na ce ni ne Isiyakun Inna Hajara. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Na bar ka ba wando." Ya jawo kaina ya rungume. Ladi ta dubi rigata ta ce har yanzu ma tufafin ba su gama isarsa ba.

Hausarsa ta tsaya inda ya bar ta. Yana tambayar mutanen da suka mutu tun ban yi aure ba, yana tambaya ko har yanzu ana ƙona tubali a unguwar. Ƙarfe huɗu daidai na yamma sai shayi da madara a kofin tangaran, ko da wuta ake yi a gari. Ladi ta ce in ta makara da minti biyar sai ya dubi agogo ya yi tari, abin da kawai ya kawo mata daga Ingila ke nan.

Kwana biyu yana ba ni labari, ni kuwa ina cewa gobe zan faɗa. Ya ce a can akwai jarumai, akwai kuma su, masu cike gurbi. Kowanne da fuskar da Allah ya ba shi, fuskar ita ke zaɓar masa aiki har ya mutu. Mai fuskar akawu ba zai taɓa zama soja ba. Suna zaune a gidajen haya, tarho ɗaya a bakin matakala, in ya yi ƙara duk ƙofofi su buɗe. Wata uku ba aiki mutum ya je ya wanke kwanuka a otal, ko da bazara ya tafi garuruwan bakin teku yana wasa a dandali ga masu hutu. Amma ba sa hassadar jarumi, domin jarumi in ya tsufa an gama da shi, ɗan sanda da mai gidan haya kuwa kullum ana bukatarsu.

A gidan da ya zauna akwai wani Bature da suke kira Saje, saboda ya fito a ɗan sanda har ya daina ƙirgawa. Shi ya koya masa yadda ake tsayawa a kan alamar alli ba tare da an dubi ƙasa ba, da yadda ake buɗe ƙofa ba a rufe fuska da ita ba. Da talabijin ta shigo, silimomi suka fara mutuwa kamar yadda tamu ta mutu, sai Saje da ire-irensa suka koma can, aikin dai shi ne, sai dai yanzu kowane mako a cikin ɗakunan mutane. Ana gaishe shi a titi ba a san sunansa ba. Wata mata ta taɓa tare shi a tashar bas ta kai masa ƙarar an sace mata jaka, shi kuwa ya ciro takarda ya rubuta, don kada ya ba ta kunya. Ya mutu a gidan da ake ajiye tsofaffin 'yan wasa. Mutum shida suka raka shi, Yaya Sule na cikinsu. Bayan nan ya ji zaman ya ishe shi, ga aikin baran Bature a fim ya ƙare. Ya ji ana neman wanda ya san tsayuwa gaban kyamara a wani gidan talabijin a Jos, ya taho. Na ce me ya hana shi zuwa Yawunde. Ya ce wurin wa, bayan maganar ƙarshe da uwarsa ta aiko masa ita ce maƙaryaci.

Shi da kansa ya ɗauko zancen fim ɗin, rana ta biyu, muna shan shayi. Ya ce a aikinsu fuska ita ce abinci. Wanda ke da minti guda yakan yi duk dabarar da zai yi ya juyo wajen kyamara, ko da abokinsa zai ba da baya, domin wanda aka ga fuskarsa shi ake kira wani aikin. Baturen nan mai ƙiba da ya daka masa tsawa Saje ne. Kuma shi ne karo na farko da aka cire masa kayan ɗan sanda aka ba shi kujerar babban mutum, damar da ya yi shekaru yana jira. An shirya shi zai fuskanci kyamara, Sule a ga ƙeyarsa kawai. Kafin a fara, suna tsaye, Sule ya ce masa uwarsa shekara goma ba ta ga fuskarsa ba. Da aka fara sai Saje ya juya kujerarsa. Mai ba da umarni ya yi faɗa, Saje ya ce ai mai girman kai ba ya duban baransa. Aka sake, ya sake juyawa. Sau tara, har mutumin ya gaji ya bari.

"Ya ba ni fuskarsa saboda Inna," in ji Yaya Sule. "Shi ya sa na rantse mata. Na daɗe ina tunani, na gane Faransawa ne suka cire wurin sa'ad da suke juya maganar. Ai mu an saba yanke mu. Kai da ke aikin ka sani."

Na ce haka ne, Yaya. Na shanye shayina. Ya ba ni hanyar fita da hannunsa, ni kuma na bi ta. Wannan ma na rubuta shi cikin laifuffukana.

Washegari da hantsi Ladi ta fito da shi rana. Ban jira na zauna ba, domin na san in na zauna ba zan faɗa ba. Na ce, "Yaya, ba Faransawa ba ne. Ni ne."

Ya ce, "Kai ne me?"

Na gaya masa duka, da kabin, da almakashi, da kwata, da abin da na ce wa Inna a ƙofar silima. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Wasiƙar fa?" Na ce hannuna ne. Ya kira Ladi ya ce ta mayar da shi ɗaki, rana ta yi masa yawa.

Kwana biyu bai fito ba, bai kuma ce a kore ni ba. Ina zaure. Ladi tana kawo mini gwaten acca, ta ajiye ta juya. Ƙarfe huɗu ya yi ban ji ƙarar kofi ba. Rana ta biyu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Da ka bar shi da Faransawansa. Shekara ashirin da biyar yana zaginsu, yana samun sauƙi." Na ce na yi tunanin haka a Bauchi. Ta ce to tun da ka faɗa ka faɗa, ci abincinka.

Rana ta uku na ɗaure jakata, na ce mata zan bi motar safe, ta yi masa sallama a madadina. Ta ce ai yana waje. Yana kan kujerarsa, bai dube ni ba. Na durƙusa nesa kaɗan. Ya tambaye ni wane zane Inna ta ɗaura ran da ta zo silima. Na ce shuɗin nan na saƙi da take zuwa suna da shi. Ya tambaya ko ta zauna har ƙarshe. Na ce har aka kunna fitilu, ita ce ta ƙarshen tashi. Sannan ya ce me ya sa na yanke shi. Na ce kunya na ji, na riga na cika baki, ga faranti, ga ba takalmi, ga kwalbar giya a hannun ɗan Musulmi gaban mutanen Birik.

Ya ce, "Shayi ne a ciki. Shayi mai sanyi suke zubawa."

Hawaye suka zo mini, na rufe fuska da hannun rigar aro.

Ya ce, "Nawa na yafe, duniya da lahira. Ba don ka cancanta ba, don ba ni da wani ɗan'uwa ne. Na Inna kuwa ba nawa ba ne, kai da Allah. Na Saje ma haka."

Na ce na gode, Yaya. Na yunƙura zan tashi, ya ce in tsaya. Ya ce ba shi da hotonta ko ɗaya, kuma shekarun nan in ya rufe ido yana neman fuskarta ba ta zuwa, sai zanenta da muryarta. Ya ce in cire hannuna daga fuska in matso. Na matso. Ya kama haɓata ya juya ta wajen rana, ya ɗan ɗaga, ya ce kada in dube shi, in dubi saman katangar can, kada kuma in motsa.

"Goshin nata ne," in ji shi. "Da nan, gefen baki."

Ladi ta leƙo ta ce in ban tashi yanzu ba motar safe za ta tafi. Ya ce ta tafi. Na tsaya a durƙushe ina duban katanga, gwiwoyina suna ciwo, yana kallona, har inuwar ɗaki ta janye daga ƙafafunsa. Motar azahar na hau.